Famfon da Babu Layi a Gabansa

Akwai wani tsohon direban bas a garinmu Neuquén, sunansa Eusebio, wanda tun da na san shi ban taɓa ganin ya zauna ya jingina da kujera ba. Kullum a bakin kujerar yake ɗosane, ƙafa ɗaya na rawa, makullin mota a hannu. Ko mate aka miƙa masa, wato shayin ganyen nan namu da ake zuƙa a ƙoƙo ana zagayawa da shi, kafin ka janye hannunka ya zuƙe ya dawo maka da ƙoƙon.

Rayuwarsa duk a kan titi ya yi ta, yana tsere da agogo. Ya yi ritaya, amma jikinsa bai samu labari ba.

Matarsa Zulema ta yi shekaru tana roƙonsa su sayi 'yar tirelar nan ta tafi-da-gidanka, mai gado da murhu da tankin ruwa a ciki, su riƙa zuwa bakin tafki suna hutawa. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Bari in yi ritaya, tsohuwa." Ya yi ritayar, ita kuma rai bai kai ta ba. Sai bayan an binne ta ya je ya sayo tirelar, ya ajiye a ƙofar gida, kullum yana goge ta shi kaɗai. Ni dai abin tausayi yake ba ni.

Duk abin da ya rage masa a duniya 'yarsa ce Yanina, da jaririyarta Morena, wadda ta fara rarrafe. Ita kuwa Yanina tun da ta mallaki hankalin kanta ta daina shiga motarsa in dai tafiya mai nisa ce. Ya roƙa, ya sake roƙo, har wani Janairu, tsakiyar lokacin zafi a ƙasarmu, da mijinta ya tafi aiki rijiyoyin mai, zafi kuma ya ishe ta a gari, ta amince.

"Zan zo, Baba," in ji ta. "Amma ka ji ni da kyau. Yanzu ba ni kaɗai ba ce. Ranar da gaggawarka ta taɓa yarinyar nan, sauka zan yi in hau bas in koma gida, kuma mun bar shiga motarka ke nan har abada."

"Haba 'yar nan, wace gaggawa kuma? Ni da na yi ritaya?"

Yana faɗar haka yana duba agogo.

Suka kama hanyar duwatsu, suka sauka a babban zangon da ke mashigar gandun daji. Amma ba nan zuciyar Eusebio take ba. Can ƙarshen tafkin akwai wani ɗan zango da ba famfo, ba lantarki, kuma wuraren ajiye tirela ba su da yawa. A nan akwai wata babbar bishiya da ta sunkuya kan ruwa. Sun taɓa tsayawa a gindinta da Zulema, ta ce su kwana, shi kuma ya ce hanya na jira, ko burodin hannunta ba ta gama ci ba ya tayar da mota. Yanzu yana so ya kai 'yarsa da jikarsa gindin bishiyar nan, kuma tsoronsa kada wani ya riga shi.

Sai dai ba a shiga can da tanki wayam. Ruwan da ya ɗebo daga gida ya ƙare a wankin kayan jaririya, dole ya cika kafin su tashi.

Duk wanda ya taɓa kwana a zangon nan ya san famfon ruwan shan. Guda ɗaya ne tak, kusa da rumfar mai gadi, kuma a tsakiyar Janairu ruwansa siriri yake zubowa kamar zare. Ya kuma san dokar famfon, wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba. Idan kana cika tanki wani ya zo da buta ko fulas na ruwan mate, sai ka zare tiyonka ka ba shi wuri. Mai buta ba ya bin layi. Shi kuma in ya tafasa ruwansa, yakan dawo ya zagaya layin da mate, kowa ya zuƙa. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin wanda ya mutu saboda jiran ba.

Da safe Yanina ta ɗauki Morena suka gangara bakin ruwa, Eusebio ya ja tirela ya shiga layi.

Wanda ke gabansa wani mai tumbi ne da baƙar hula, Don Ceferino, mutumin da in ya fara labari sai an tuna masa abinci. Matarsa Doña Herminia tana zaune kan 'yar kujera a gefe, sandarta a jingine, gwiwarta ɗaya a naɗe da bandeji, tana rarraba wa 'yan layi soyayyen burodi daga cikin kwando.

"Maƙwabci, ɗauki mana, da zafinsa," ta ce da Eusebio. "Ku ne masu jaririyar nan ko? Na ga kayanta a igiya, 'yan mitsi-mitsi."

"Na ƙoshi," ya ce, bai ko dube ta ba.

Layi ya ja, rana ta ɗaga. Eusebio ya shiga mota, ya fito. Ya zagaya tirelar, ya buga tayoyin da ƙafa, ya sake shiga. Ya kunna rediyo, ba ta kama komai a cikin duwatsun nan, ya kashe. Duk motar da ya ga ta fita ta ƙofar zango sai gabansa ya faɗi, ya bi ta da ido ya ga ko hanyar ƙarshen tafki ta ɗauka.

Da ƙyar layi ya zo kan Don Ceferino. Ya ɗaura tiyonsa ke nan, sai ga wata mata da buta. Ya zare. Ta cika, suka taɓa hira kan sanyin daren jiya, ya mayar. Ruwa bai gama hawa tiyon ba sai ga wasu masu yawo da jaka a baya, kowa da fulas. Ya zare. Bayansu wani dattijo, bayan dattijon kuma matar farko ta dawo da mate, Don Ceferino ya karɓa yana zuƙa a hankali, tiyo na kwance a ƙasa.

"Kai maƙwabci!" Eusebio ya daka tsawa. "Tanki ka zo cikawa ko shagon shayi ka buɗe?"

Don Ceferino ya juyo yana dariya. "Ina za ka ne haka da zafi-zafi? Tafkin ba ya gudu."

"Ƙarshen tafki zan je, gindin babbar bishiya. Kuma yau nake so in je, ba baɗi ba."

"Ashe hanyarmu ɗaya! Mu ma can muka nufa. Ko ba haka ba, tsohuwa?"

Wannan maganar ce ta ƙarasa Eusebio. Ga mutum a gabansa a layi, kuma wurinsa yake nema. Daidai lokacin wata mata ta iso da buta, Don Ceferino ya sunkuya zai sake zare tiyo, Eusebio ya sha gabanta.

"Ke ma ki bi layi! Ku duka ba ku da aikin yi. Mutum ya bar gidansa ya zo daji ya zauna yana tsotsar ganye tun safe!"

Kowa ya juyo ya dube shi. A ƙasar nan ka zagi motar mutum ya haƙura, amma ban da mate. Matar ta rungume butarta ta ja baya.

"Maƙwabci," Doña Herminia ta ce a hankali, "haka ake yi a nan. In kai ka zo da buta, kai ma za a zare maka."

"Ku riƙe famfonku. Ni na san hanya."

Ya faɗa mota, ya murza sitiyari, ya fice daga layin da ƙwarewar da ta sa ko masu jin haushinsa suka bi shi da kallo. Tuƙi kam ya iya.

Jiya da yamma, wajen zagayen da ya hana kansa zama, ya hango wani famfo can bayan bandakuna, kusa da wani rami mai murfin siminti, da tiyonsa a rataye. Ba kowa a wurin. Nan ya nufa.

Ku da kuka saba jan tirela kun riga kun dafe kai, na sani. Famfon nan shi ne na wanke tankin bayan gida. A ramin ake juye ƙazantar, sannan a cusa tiyon har cikin tankin a ɗauraye. Ruwansa ma daga rafin da ke ƙasan garken dawaki ake janyo shi, ba a tace ba, ba a sa masa komai ba. Shi ya sa aka shafa wa kan famfon jan fenti.

Eusebio sabon shiga ne, bai taɓa juye tanki a zango ba. Amma ba zan wanke shi tas ba. Hancinsa ya ji wari. Idonsa ya ga jan fentin, ya ga wani allo da ƙaya ta rufe rabinsa. Zuciyarsa ma ta ce masa, anya famfo mai ƙarfi haka a ce babu kowa a gabansa? Sai ya ce da kansa warin na ramin ne, mutanen kuma ragwaye ne, ba sa son nisa da hira. Ya buɗe famfon, ruwa ya feso da ƙarfi, ya cusa tiyon a bakin tankinsa yana murmushi.

Can ya ji ana kira. Doña Herminia ce daga nesa, tana ɗingishi da sanda, tana ɗaga hannu.

"Maƙwabci! Maƙwabci, tsaya!"

"Tsohuwar nan ba ta gaji da wa'azi ba," ya ce. Tanki ya tumbatsa, ya rufe, ya ja mota ya bar ta da ƙura.

A bakin ruwa ya tarar da Yanina tana wasa da ƙafafun Morena a cikin yashi.

"Har ka cika? Layin nan fa na gan shi."

"An cika. Ku shiga, ku shiga."

"Baba, ko fuska ban wanke mata ba."

"Kya wanke a can. Akwai ruwa cike da tanki."

Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa da ke rawa, sannan ta shiga.

A can wurin famfo kuwa, Doña Herminia ta dawo tana haki, gwiwa ta kumbura.

"Tsoho, kwance tirelar nan. Mutumin nan da tiyon bayan gida ya cika tankinsa, da idona na gani. Kuma da jaririya suke tafe."

Don Ceferino ya dubi tiyonsa. Tun sassafe yake layi, tankinsa ko rabi bai kai ba, kuma mutumin da ake maganarsa yanzun nan ya gama yi masa tijara a gaban jama'a. Waya ba ta aiki a wajen, balle a ce a kira wani.

"Kin tabbata, tsohuwa?"

"Zan yi maka ƙarya da wannan gwiwar?"

Ya zare tiyon. Maza suka taru suka kwance tirelarsa suka tura ta gefe da hannu, na bayansa ya shige gurbinsa. Matar da aka kora da buta ce ta ruga ta kawo jarkarta cike da ruwan sha ta sa musu a bayan mota. Wani ma ya ƙara tasa.

Hanyar ƙarshen tafki burji ce, siririya, dutse a hannun hagu, gangare zuwa ruwa a hannun dama. Eusebio yana tafe yana fito da baki, rabonsa da nishaɗi haka har ya manta. Sai ya ga ƙura a madubi. Ya ƙura ido, ya gane motar, ya gane baƙar hular. Ana kunna masa fitila ana kashewa, ana danna hon.

"Ka ji ɗan duniya," ya ce. "Wato har tirelar ya yar don ya riga ni kama wuri."

"Wane ne, Baba?"

"Wani mai tumbi ne. Bai san wanda yake bi ba."

Ya koma tsakiyar hanya ya taka mai. Don Ceferino ya gwada ta hagu, Eusebio ya rufe. Ya gwada ta dama, ya rufe. Tirela na tsalle a baya, ana jin tukwane na karo da juna a ciki. Doña Herminia ta fito da hannu ta taga tana kaɗa ɗankwali, ƙura ta haɗiye hannun da ɗankwalin.

Girgizar ta tashi Morena daga barci, ta fasa kuka. Kukan yunwa ne, Yanina ta san shi. Ta laluba jaka, ta sami garin madara da fida, ta girgiza fulas ta ji ruwan zafin da ya rage kaɗan ne, kuma sai an sirka.

"Baba, tsaya in haɗa mata madara."

"Mun kusa."

"Ba mu kusa ba. Tsaya."

"In na tsaya ya wuce mu, shi ke nan wurin ya tafi. Ki ɗan jijjiga ta."

Kuka ya ƙaru, fuskar yarinya ta yi jawur. Hon a baya, kuka a ciki, tsakuwa na dukan ƙasan mota. Yanina ta ɗora hannu a kan marfin ƙofa.

"Ka tsaya, ko in buɗe a haka."

Muryar ba ta da ƙarfi, kuma ita ce ta sa ya taka birki. Ya tsaya a tsakiyar hanya, ya gicciye yadda ko keke ba zai wuce ba. Yanina ta fice da yarinya a kafaɗa ta shige tirela. Ta zuba ruwan fulas a fida, ta buɗe famfon tirela ta cika sauran, ta zuba gari, ta girgiza, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji ɗumin ya yi daidai.

Motar Don Ceferino ta tsaya da ƙarar birki. Eusebio ya tare shi da ƙirji a buɗe.

"Babu inda za ka wuce! Ni na fara..."

Ba wanda ya kula shi. Doña Herminia, wadda ko tashi daga kujera sai an kama ta, ta wuce shi ba sanda, ta kama ƙofar tirela ta haye. Morena ta riga ta buɗe baki, ta kama fidar da hannu biyu. Tsohuwar ta fizge fidar ta yi jifa da ita waje, ta faɗi a gaban takalmin Eusebio.

"Ke! Lafiyarki?" Yanina ta yi ihu tana ƙanƙame 'yarta.

"Ta sha? 'Yata, gaya mini, ta sha?"

"Ba ta sha ba. Wai mene ne?"

Doña Herminia ta zube a bakin gado tana riƙe da gwiwa, hawaye na zubo mata, na ciwo da na ajiyar zuciya. Don Ceferino ne ya yi bayani daga bakin ƙofa, hularsa a hannu, kuma a ranar dai bai ja labari ba. Ya faɗi famfon, ya faɗi tiyon, ya faɗi inda ake cusa shi.

Yanina ta dubi bayan hannunta inda ta ɗiga madarar. Ta fito ta tsaya a gaban mahaifinta.

"Ka bi layin?"

Ya kawar da kai.

"Baba, tambayarka nake. Ka bi layin?"

"Ban san na bayan gida ba ne, 'yar nan. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka tsaya ka sani ba dai. An kira ka, ba ka tsaya ba. An biyo ka, ba ka tsaya ba." Ta matso kusa da shi. "Ka san akwai ranar da na yi fitsari a kujerar baya, ina 'yar firamare, a hanyar zuwa gidan Kaka? Tun daga gari nake roƙonka. Kana ta cewa mun kusa. Mama ce ta rufe ni da rigar sanyinta, ta ce kada in gaya maka don kada ka ji kunya. Ni na ji kunyar a madadinka har na girma."

Eusebio bai taɓa jin wannan labarin ba.

Da ruwan jarka aka wanke fida, aka tafasa wani ruwan a murhu, aka haɗa wa Morena madara ta sha ta yi barci. Yanina ta kwaso jakarta.

"Don Ceferino, don Allah ku sauke ni a mashiga. Akwai bas da yamma."

Suka tafi suka bar shi tsaye a kan burji. Daga inda yake ana hango kan babbar bishiyar, kuma ko mota ɗaya babu a gindinta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya buɗe ƙasan tanki ya bar ruwan ya tsiyaye, ya yi ta fama har ya juya tirelar a wannan ƙuncin, ya koma.

Ya tarar da Don Ceferino can ƙarshen layi, ya sake sabon jira. Eusebio ya ja ya tsaya a bayansa, ya fito, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Maƙwabci," ya ce da ƙyar, "ban san da bakin da zan..."

"Bar shi. Yarinya lafiya, magana ta ƙare. Amma ka sani aiki na gabanka. Tankin nan sai ka zuba masa maganin wanke fararen kaya, ka cika, ka bar shi ya jiƙa, ka zubar. Ka sake cikawa ka zubar. Sannan ka cika na sha. Kuma kowane cikawa da layinsa."

"Yau kenan ba inda za ni."

"Ina kuwa za ka?" in ji Don Ceferino, ya miƙa masa mate.

Eusebio ya karɓa. Ya so ya tambaya ko 'yarsa tana ina, ya kasa. Ya san dai inda bas ke tsayawa, can bayan rumfar mai gadi, kuma ya san in ya je roƙo ƙara tunzura ta zai yi.

Wunin nan ya yi masa tsawo. Ƙafa na rawa, hannu na kai wa agogo, har ya cire agogon ya jefa a aljihu. Da layi ya zo kansa, ya ɗaura tiyo ke nan sai ga buta a gabansa. Ya ɗaga kai, matar da ya kora da safe ce. Ta tsaya nesa kaɗan.

Ya sunkuya ya zare tiyon. Ya karɓi butar da hannunsa ya cika mata.

"Na gode da jarka," ya ce. "Kuma ki yafe mini."

"Ya jikar taka?"

"Lafiya lau. Albarkacinku."

Daga nan kamar an yi shela. Ni ina zargin da gangan 'yan zangon suka yi ta aiko masa da butoci, har da waɗanda ruwansu bai ƙare ba. Ya zare, ya mayar. Ya zare, ya mayar. Ya zubar da tanki, ya koma ƙarshen layi, ya sake farawa. Ba wanda ya ji ya yi tsaki.

Rana ta karkata, inuwar duwatsu ta sauko kan zango. Yana cikin cikawar ƙarshe ya ji ƙarar da ya fi kowa sani a duniya, ƙarar bas yana sauke iska a tasha. Ya ji ƙofa ta buɗe, ya ji ta rufe, ya ji direba ya sa giya ya hau hanya. Bai juya ba. Ya tsaya riƙe da tiyo, ruwa na shiga siriri, idonsa ya cika, ya bar hawayen suka zubo don ba shi da hannun sharewa.

Tanki ya kusa cika, har ana jin ƙarar ruwan ta canja, sai aka miƙo wani fulas ta gefensa. Bai ko duba mai shi ba, ya sunkuya ya zare tiyo, ya miƙa hannu ya karɓa. A nan ya gane fulas ɗin. Shi ya saya wa Zulema.

Yanina ce tsaye, Morena a kafaɗarta, bakin yarinyar duk maiƙon soyayyen burodin Doña Herminia.

"Bas ya tafi," ya ce. "Kin makara ne?"

"Ban makara ba. Har na sa ƙafa a matakala." Ta gyara wa yarinyar zama. "Tun rana nake zaune a tirelar Doña Herminia ina kallonka ta taga. Jira nake ka yi tsaki sau ɗaya in tafi da hujjata. Ka hana ni."

Ya tara fulas ɗin a bakin famfo, ruwa na zuba a gefe.

"Gobe da sassafe sai mu tafi gindin bishiyar," ya fara, sai ya kama bakinsa. "Ko jibi. Ko duk ranar da kika ce."

"Cika fulas ɗin tukuna, Baba. Akwai mai buta a bayana."

Ya leƙa, da gaske akwai. Ya ajiye tiyon a ƙasa, ya matsa gefe, ya miƙa hannu aka ba shi jikarsa, ya tsaya yana jira.

Darasi: In ka ga kowa ya haƙura ya bi layi, ga kuma wata hanya a buɗe ba kowa a kanta, tsaya ka tambaya kafin ka bi, akwai dalilin da ya sa aka bar ta. Gaggawa ba mai ita kaɗai take cutarwa ba, waɗanda ke zaune a motarsa ne suke fara shan wahalarta. Kuma ba duk mai binka a baya ne yake son ya wuce ka ba, wani ruwa mai kyau ya ɗauko maka. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ba ya iya zama wuri ɗaya, kun san shi, ku ce ya karanta har ƙarshe, a zaune.